Gaya da Ajingi: Yadda ƙarin ɗaki ke cinye tsakar gida

Da zarar an gama kawar da amfanin gona, an ɗaure dammunan gero da dawa an zuba a rumbu, sai hankalin magidanta da dama a Gaya da Ajingi ya koma kan gini. A wannan lokaci ne mutum zai riƙa cin karo da tulin yashi a ƙofar gida, da bulo jere a gindin katanga, da birkila riƙe da igiyar awo yana kewaya tsakar gida tare da mai gida.

Mafi yawan wannan aiki ba na sabon gida ba ne. Ƙari ne a kan wanda ake ciki. Wani zai aurar da ɗansa bayan salla, dole a fitar wa amarya ciki da falo. Wani zai ƙara aure. Wani kuma ’ya’yansa maza sun tasa, kwana a ɗakin uwa ya ƙare musu. Akwai wanda ’yarsa ta dawo gida da yara bayan mutuwar aure ko rasuwar miji.

Duk waɗannan buƙatu ne da ba sa jira. Sai dai filin gida ba ya ƙaruwa don iyali sun ƙaru. Kowane ɗaki da aka ƙara, daga wani wuri aka yanko shi, kuma galibi daga tsakar gida ne. A nan ne ake samun riba, a nan ne kuma ake yin asarar da ba a ganinta sai an shiga bazara ko damina ta yi tsakiya.

Gida mai girma tare da iyali

Gaya tsohon gari ne. Tarihin baka ya nuna cewa daga nan Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dutsen Dala, suka tashi neman tama. A yau garin shi ne hedikwatar masarautar da aka sake kafawa a 2024 a matsayin mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu.

Ƙidayar jama’a ta 2006 ta nuna mutum sama da dubu 200 a Ƙaramar Hukumar Gaya, da sama da dubu 170 a Ajingi. Jariran da aka ƙirga a lokacin su ne samari da ’yan matan da ake shirin aurarwa yanzu. Binciken lafiya da yawan jama’a na ƙasa na 2018 kuwa ya nuna cewa a matsakaicin lissafi, mace a Jihar Kano na haihuwar ’ya’ya sama da shida a rayuwarta. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa gini ba ya ƙarewa a gidajen yankin.

Ƙara ɗaki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Asalin tsarin gidan Bahaushe ma a kan haka aka gina shi. Ana fara kewaye fili da katanga ko danga, a tsayar da zaure a bakin hanya, a bar fili tsakaninsa da shigifa, sannan a shiga cikin gida inda ɗakunan mata suke kallon tsakar gida. Ba a cike filin a tashi ɗaya. Ana barin sarari ne da sanin cewa gobe za a buƙace shi.

Wani masanin gine-gine, Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya yi nazarin gidajen birnin Zariya kuma ya wallafa littafinsa a 1982, ya nuna yadda gidan ƙasa yake bin rayuwar masu shi: idan an yi aure ko iyali sun ƙaru a tayar da ɗaki, idan an yi rasuwa ko wani ya tashi a bar ɗakin ya zube, filin ya koma tsakar gida. A zaman gandu, inda uba da ’ya’yansa masu aure suke noma tare, kowane ɗa ana yankar masa sashensa ne a cikin katangar gidan.

Wato a da, gida yana faɗi kuma yana tsukewa. Abin da ya sauya shi ne yanzu faɗin kawai ake yi. Ɗakin bulo da siminti ba ya zubewa ya mayar da fili, kuma babu mai rushe abin da ya zuba wa dukiya.

Daga tubali zuwa bulo

Ginin gargajiya ba ya cin kuɗi sosai, ƙarfi yake ci. Ana haƙo ƙasa daga kududdufi, a kwaɓa ta da ciyawa, a mulmula tubali a shanya. Magini ya jera, a yaɓe, a ɗora azarar giginya a rufe da ƙasa, a kafa indararo don zubar da ruwan sama. Tsawon azara ne yake ƙayyade faɗin ɗaki, shi ya sa ɗakunan da ba su cika faɗi ba, sai a gidajen sarauta da na attajirai inda gwanayen magina suke ɗaurin guga don samun babban soro.

Ɗakin ƙasa yana da alherinsa. Kaurin bangonsa yana tare zafin rana, ya riƙe ɗumi a lokacin hunturu. Amma yana neman yaɓe kusan duk shekara, kuma idan ruwa ya kwanta a gindinsa ko indararo ya toshe, kwanansa ya ƙare. Ga shi giginya ta yi ƙaranci, azara mai kyau ta yi tsada.

Saboda haka ne jama’a suka karkata ga bulo da kwano. Akwai kuma batun kunya da gasa. Dangin amarya idan sun zo ganin ɗaki kafin jere, siminti da silin da tayil suke son gani. Kayan ɗakin zamani ma, gado da kujeru da sif, ba sa shiga ƙaramin ɗakin azara. Sau da yawa girman kayan ne yake yanke hukuncin girman ɗakin da za a gina, ba filin da ake da shi ba.

A tsakanin tsarin biyu akwai masu haɗawa: bangon ƙasa, rufin kwano, a shafe waje da siminti. Yana da sauƙin kuɗi, sai dai siminti ba ya kama ƙasa yadda ya kamata. Idan shafen ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, yakan ci bangon a ɓoye alhali fuskarsa tana nan lafiya lau.

Lissafin ɗaki ɗaya

Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 a kan 12, wanda shi ne awon da aka fi sani. Bangayensa huɗu, daga daɓe zuwa rufi, suna cin bulo wajen 400 bayan an cire gurbin ƙofa da taga. Ba a sa na harsashi a ciki ba. Ga siminti na jeri da na shafe da na daɓe, ga rodi da tsakuwa na linta, ga katako da ƙusa, ga kwano wanda bandir ɗinsa falle 20 ne, ga ƙofa da taga, ga kuɗin birkila da kafinta da leburori. A inda ruwa ke wahala, har ruwan kwaɓi sai an saya a hannun ’yan garuwa.

Siminti ne ya fi ɗaga wa masu gini hankali a ’yan shekarun nan. A watan Oktoban 2023 kamfanin BUA ya sanar da rage farashin buhu zuwa naira 3,500 a bakin masana’anta. Amma zuwa Fabrairun 2024 buhu mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama, har sai da Gwamnatin Tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge, aka sanar da amincewa a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 shi ma ya ɗaga kuɗin dakon yashi da bulo da rodi, kuma duk nisan ƙauye daga babban titin da ya taso daga Kano ta Wudil, haka dakon yake ƙaruwa.

Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne tun ƙarshen 2024, kuma akasarin mazauna yankin manoma ne da ’yan kasuwa da ba su da albashi, za a gane dalilin da ya sa ba a gina ɗaki a zama ɗaya. Bana a buga bulo a ajiye. Baɗi a kai linta. Idan an sayar da wake ko gyaɗa ko riɗi, ko an kwashi adashi, ko ɗan da ya tafi cirani ya aiko da wani abu, a yi rufi. Wani sai ya sayar da sa ko tumaki kafin a kafa ƙofa.

Wannan tsari na sannu a hankali yana da fa’ida, domin ba ya jefa mutum cikin bashi. Haɗarinsa yana wajen neman sauƙi. Ana rage zurfin harsashi, a tsallake linta, ko a sayi bulon da aka tsawaita buhu ɗaya ya fitar da fiye da kima. Irin wannan bulo, da hannu ma ana iya marmashe gefensa. Kuɗin da aka ɗauka an rage, su ne ake biya ninki idan bango ya tsage.

Abin da tsakar gida ke rasawa

Maza ne suke yanke shawarar gini, amma mata ne suke wuni a inda aka yanka. Tsakar gida ita ce madafa, ita ce wurin daka da surfe da shanya, nan ake wanki, nan yara suke wasa. Matan da suke sana’a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, masu ƙosai da awara, masu saƙa da ɗinkin hula, nan ne masana’antarsu. A nan ake ɗaure akuya a kafa akurkin kaji, waɗanda su ne asusun mace na ranar buƙata. Ranar suna ko biki ko zaman makoki, nan mata suke taruwa.

Idan ɗakuna suka kewaye ta har ta koma siririn lungu, duk waɗannan ayyuka ba sa ɓacewa. Cunkushewa suke yi. Murhu ya matso bakin ɗaki, hayaƙi ya riƙa shiga inda jariri yake kwance. Turken awaki ya haɗu da wurin wanke-wanke. Kishiyoyi ko matan wa da ƙani su riƙa gogayya a kan wurin shanya, ƙaramar magana ta zama babba.

Sai batun iska. Daga Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40, kuma mutane da yawa a waje suke kwana. Ɗakin bulo mai rufin kwano, ba silin, taga ɗaya ’yar ƙarama, tanderu ne a bazara. Sau da yawa sabon ɗakin da aka jingina da tsoho yakan toshe tagar tsohon, a wayi gari an sami ɗaki biyu amma babu wanda iska ke ratsawa. Itaciyar darbejiya ko mangwaron da ke ba da inuwa kuwa ita ce ta farko da gatari yake ci.

Ba wai cunkoso a ɗaki ɗaya alheri ba ne. Ma’aunin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai shi ne, idan mutum fiye da uku suna kwana a ɗaki guda an shiga cunkoso. Likitoci sun daɗe suna danganta cunkoso da rashin iska da yaɗuwar tarin fuka da sanƙarau da mashaƙo. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe mutum sama da dubu 11 a Najeriya, akasari a Arewa, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu mashaƙo a ɓarkewar 2023. Addini ma ya yi umarni da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma, ya kuma ba kowace mace haƙƙin ɗakinta.

Don haka ƙarin ɗaki gyara ne. Amma ɗakin da ba shi da iska bai magance abin da aka gina shi dominsa ba.

Ruwa ba ya mance hanyarsa

A watan Agustan 2022 hukumar ba da agajin gaggawa ta Jihar Kano, SEMA, ta tabbatar da cewa ambaliya ta kashe mutum uku ta kuma rushe gidaje kusan 500 a Ƙaramar Hukumar Ajingi. Ruwan sama mai yawa ba laifin kowa ba ne. Amma yadda ake gini yana ƙara wa ɓarnar ƙarfi ko ya rage ta.

Kowane tsohon gida yana da hanyar da ruwa ya saba bi, daga indararo zuwa tsakar gida, zuwa rariya, zuwa lungu, har kududdufi. Idan aka dasa ɗaki a kan wannan hanya, ruwan zai kwanta a gindin bango mafi rauni, wanda galibi shi ne tsohon bangon ƙasa, ko ya juya gidan maƙwabci. Rufin kwano yana zubar da ruwa da sauri fiye da soro, daɓen siminti kuma ba ya tsotsewa. Gida ɗaya idan ya yi haka ba a ji ba, amma idan unguwa duka ta yi, lungu ne yake zama rafi. Cike kududdufai don samun fuloti ya ƙara dagula lamarin, domin nan ne ruwan unguwa yake sauka.

Akwai wata matsalar da ba a gani da ido. Idan fili ya ƙure, sabuwar shadda takan matso kusa da rijiya. Ƙa’idar da hukumomin agaji na duniya suke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin bayan gida da wurin ɗiban ruwa. A fuloti mai ƙafa 50 a kan 50, wanda kowane gefensa bai wuce mita 15 da ’yan kai ba, wannan tazara ba za ta samu ba. A irin wannan hali ruwan rijiyar ya dace da wanki, na sha kuwa a nemo daga famfo ko a tafasa.

Masu kallon sama

Wanda ƙasa ta ƙare masa, sama yake kallo. A cikin garin Gaya da sauran manyan garuruwa, ɗora bene ya fara zama mafita ga masu hali, musamman a bakin titi inda ake mayar da zaure ko ɗakin waje shago, a ɗora ɗakunan kwana a kai.

Bene yana ceton tsakar gida, amma ba kowane gini ne yake ɗaukarsa ba. Harsashin da aka yi don ɗaki ɗaya da rufin kwano ba a yi shi don nauyin dakalin kankare da wani ginin a kai ba. Wannan ba aikin da za a bar wa birkila shi kaɗai ba ne, komai gwanintarsa. Sai injiniya mai rajista ya duba ƙasa da harsashi, ya faɗi kaurin rodi da yawan ginshiƙai. Mutanen Kano ba su mance da benen da ake ginawa a kasuwar waya ta titin Beirut ba, wanda ya rufta a ƙarshen Agustan 2022 ya danne mutane.

Bene yana kuma taɓa haƙƙin maƙwabci. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi bayani a kan hana buɗe tagar da za ta leƙa cikin gidan wani. A garin da mata suke wuni a tsakar gida, taga ɗaya a wurin da bai dace ba ta isa ta ɓata zaman shekara da shekaru.

Gini a gidan gado

Rigimar da ta fi kowace ɗaci ita ce ta gini a gidan da ba a raba ba. Uba ya rasu, ’ya’ya sun ji nauyin maganar rabo, kowa ya ci gaba da zama. Mai ɗan hali a cikinsu ya gina ciki da falo a filin da ke gaban ɗakin mahaifiyarsa. Bayan shekaru, idan an zo rabo, sai a tarar ginin nasa ne amma ƙasar ta magada ce duka, har da ’yan’uwa mata da ke gidajen aurensu da marayun da ba a tuntuɓa ba. Daga nan sai gaban mai unguwa, sai dagaci, sai hakimi, wani lokaci har kotun shari’ar Musulunci.

Maganin wannan ba ya cin ko buhun siminti ɗaya. A raba gado kafin a sari ƙasa. Idan ba za a raba ba, a tara magada a sami yardarsu, a rubuta a gaban shaidu cewa wane ne ya gina, da kuɗinsa, da kuma yadda za a yi ranar rabo. Haka ma uban da ya ba ɗansa wuri ya gina yana raye, ya fayyace ko kyauta ce ko aro, ya kuma yi adalci tsakanin ’ya’yansa.

Ta fuskar hukuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen da aka ayyana a matsayin birni a hannun gwamna, sauran kuma ƙaramar hukuma ce take ba da izinin mallaka na gargajiya. Wanda zai faɗaɗa gida zuwa waje, ya ci wani yanki na lungu ko hanya, yana jefa dukiyarsa cikin haɗari, domin ranar da aka zo aikin titi ko magudanar ruwa, abin da ya shiga hanya shi ake fara rushewa.

Kafin a kira birkila

Akwai abubuwan da magidanci zai iya yi ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba. Na farko, ya zauna da matan gidan kafin a ja igiya, domin su suka san inda rana take faɗawa da inda ruwa yake kwanciya. Na biyu, ya zana gidan duka a takarda, har da ɗakunan da yake hasashen zai buƙata nan da shekara goma, don kada ɗakin bana ya toshe wurin na baɗi.

A jera ɗakuna a jikin katanga a bar tsakiya a buɗe. Kowane ɗaki ya sami taga biyu a bangaye daban-daban don iska ta ratsa. A ɗaga rufi, a sa silin ko da na tabarma ne ko kwali. A ɗaga daɓe sama da tsakar gida, a fitar da hanyar ruwa kafin a fara jeri. Idan da hali a bar itaciya, idan dole ne a sare ta a dasa wata.

Wani lokaci ma ba sabon ɗaki ake buƙata ba. Tsohon ɗakin ajiya da aka cika da tarkace, ko shigifar da ba a amfani da ita, ko ɗakin da ya zama kango, gyaransu ya fi sauƙi kuma ba ya cin fili.

Akwai kuma lokacin da gaskiya ita ce gidan ya cika. A nan, kuɗin da za a kashe a matse iyali gara a tara su a nemi fili a bayan gari, ɗa ya fara da ɗaki ɗaya da katanga kamar yadda kakansa ya fara. Rabuwa da gidan gado tana da wuya, musamman ga iyayen da suke son ganin jikoki a gabansu. Amma zumunta a ƙafa take, kuma ’yan’uwan da suke ziyartar juna daga unguwa zuwa unguwa sun fi waɗanda suke gida ɗaya ba sa ga maciji.

Kafin ruwan farko ya sauka, yawancin tulin yashin da ke ƙofar gidajen Gaya da Ajingi zai zama bango. Amare za su tare, samari za su sami wurin kwana. Ko an yi dabara ko an yi kuskure, ba ranar buɗar kai ake ganewa ba. Sai zafin Afrilu ya zo, sai kuma ruwan Agusta ya sauka.